Wufar Kai Amarya

Batsari, ranar Laraba

Zuwa ga baiwata, Malama Talatu ta Safana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki Manu da yara, da wanda ke ciki bai iso ba tukuna. Yaya nauyin jiki? Ki gaishe mani da Baba Mani, ki gaishe da amaryarmu Khairiyya. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Inna dai ƙafar ce, yau ta kumbura gobe ta sace.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ni allo na sani, bokon nan a waya na tsince shi, ga shi kuma an ɗauke sabis, wayar ta koma tocila. Amma tunda kakana ne wan kakarki, dole ki karanta, ko da kaza ce ta yi tonon.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar ƙanwarki. Kin tuna da Sallah da muka zauna tsakar gidanku, Khairiyya ta ce ƙawayenta duk shiru aka kai su ɗaki, da rana tsaka, ba hon ba guɗa, kamar an ɗauko marar lafiya za a asibiti? Ta ce ita ko waƙa ɗaya ce ta ji a hanya. Na ce ta bar mani. Kuka yi dariya, ni kuwa na riƙe.

Oga Jinjiri, mai motar da nake ja, ya hana ni hanyarku, Katsina kaɗai nake lodi. Amma ya yarda ranar biki in zo da Golf ɗin in ɗauko amarya. Matsalar, sifikun motar duk sun mutu, ta ƙofar direba kaɗai ke magana, ita ma kamar mai mura. To Allah ya ba ni wufa. Kin san wufa? Babbar sifikar nan mai akwati da ake sawa a but, mai dukan ƙirji. A wata mota da ta kwanta bayan tasha na gan ta, na ba mai ita tantabaruna, ɗakin gaba ɗaya. Dama dawar da zan watsa masu ta gagare ni.

Saura amfilifaya, ita ce ke ba wufa ƙarfi. Na tambaya a Katsina, da mai shagon ya faɗi kuɗinta sai na yi mashi sannu da aiki na fito. Don Allah ki tambayi Manu, shi da yake rewaya, mai gyaran wayoyin mota: ana iya haɗa wufa da rediyon mota kai tsaye, ba amfilifaya? Wace waya ke zuwa ina?

Ki ce wa Khairiyya ta shirya. Ranar, in na murɗa a ƙofar gidan Baba Mani, sai mutanen Tsaskiya sun fito rawa, shanun garin Zakka sun tsinke igiya, mutanen daji ma su sauko su yi mana liƙi.

Na ba Barau direba takardar, shi ke bin hanyarku. Ki ba shi amsa.

Ubangidanki,
Shafi'u

Safana, ranar Asabar

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Jiki ya yi nauyi, ƙafafuna sun fara gasa da na Inna, ka duba mani ita. Ajina ya koma rabi, iyaye sun kwashe yara sun yi Dutsin-ma. Wanda ya zo ma gyangyaɗi yake, don ba a barci a ƙauyukansu.

Bakinka ya ja maka. Barau bai same ni ba, ina makaranta, sai ya ajiye takardar a zauren Baba Mani. Baba ya ga daga Batsari take, ya ɗauka maganar dangin ango ce, ya sa aka karanta mashi a gaban mutanen da suka zo gaisuwa. Har wajen baiwa an yi dariya. Da aka zo wajen mutanen daji da liƙi, ba wanda ya yi.

Ka san tun rasuwar Babanmu shi ne uban Khairiyya, kuma ka san abin da ya gani a hanyar nan bara. Ya ce motar da za ta kira daji ba za ta ɗauki ɗiyarsa ba. Ya yi magana da Barau, shi zai kai ta, shiru kamar kowa. Na ce Baba wasa ne, Shafi'u ne fa. Ya ce ai don Shafi'u ne.

Duk da haka na tambayi Manu, don kada ka ce baiwa ta yi tawaye. Ga abin da ya ce in rubuta. Ka duba bayan wufar kusa da maganaɗisu, in ka ga lamba huɗu ka ci gaba, in biyu ce kada ka soma. Ka nemo wayoyin sifikar baya guda biyu na ɓangare ɗaya, su kaɗai za ka kai wa wufar. Kada ka haɗa na hagu da na dama wai don ƙarfi. Kada ka ba jikin mota ko ɗaya. Kada murya ta wuce rabi, kuma ka riƙa taɓa fuskar rediyon, in ta yi zafi ka kashe ta huta. Ya ce in gaya maka gaskiya, rediyo ba ta da ƙarfin tura wufa, gurnani kawai za ka samu.

Khairiyya ta ji abin da Baba ya yanke. Ta ci gaba da jeren kwanukanta.

Ni ba baiwar kowa ba ce, ni Malama ce.

Talatu

Batsari, ranar Talata

Malama Talatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya jiki, yaya amarya? Shiru na ji. Ko an 'yanta ki ne ban sani ba? Barau bai shigo ba tun wancan mako, 'yan kamasho sun ce hanyar ce ba daɗi, motoci sun tsaya. Wannan takardar mai kai buhunan gawayi zan ba, in ta zo maki baƙa ki san dalili.

Mu nan sai godiya. Makarantar da ke bayan gidanmu ta cika da mutanen ƙauye, mata da yara, kowa da ƙullinsa. Gero ya nuna a gona ba mai zuwa yanka. Kasuwa a rufe. Mai kuwa sai ka yi layi tun asuba a ɗiga maka kamar maganin ido. Jiya na je Katsina na dawo da fasinja ba su cika gidan baya ba.

Da na ga amsar Manu ba ta zo ba, sai na yi irin ta 'yan tasha. Kowa ya zama injiniya a kaina. Ado mai faci ya ce ai komai na mota jiki ake ba shi, kamar fitila: waya ɗaya rediyo, ɗaya ƙarfe. Na yi. Na murɗa makulli, sai ɗas, fiyus ya tafi. Wani ya ce in tattara wayoyin baya duka in murɗe wuri ɗaya, ƙarfi ya haɗu. Na yi. Wani fiyus ɗin ya bi ɗan'uwansa, har da ɗan wari kamar an ƙona leda. Allah ya so ni rediyon ba ta mutu ba, da Oga Jinjiri ya sa an yi mani sallah.

Daga baya na yi ta gwada waya bibbiyu har na dace. Ta yi magana, Talatu. Amma me? Kin san tsohon rago in ya ƙoshi ya kwanta yana tuƙa? To haka. Na ƙure murya, rediyon ta yi zafi kamar tanda, wufar kuwa tana nan tana gunaguni a but kamar surukar da ba a gaishe ta ba.

Kada ki gaya wa Khairiyya tukuna. Ina kan nema. Na gaji dai, wallahi. Da daddare in na kwanta hannuna warin waya yake, Inna ta ce ko aikin lantarki na koma.

Ki yi magana ko da zagi ne.

Shafi'u

Batsari, ranar Lahadi

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Manu da yara. Inna ta ce a yi maki sannu, ta ce ki riƙa ɗora ƙafar kan matashi.

Yau Barau ya shigo, takardarki ta kwana a aljihun motarsa fiye da mako. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Shi kuwa yana gefe yana sakace, ya ce, "Sarkin kiɗa, an ce ni zan ɗauki amarya."  Kin san ranar da na rasa abin da zan ce wa Barau, abin ya kai.

Ban ga laifin Baba ba. Ni ma hanyar nan na ci kafin Oga ya hana ni, na san abin da ke cikinta, na wanke kujerar mota da hannuna bayan an ɗauko waɗanda aka ɗauko. Baki ne kawai, Talatu. In ban yi wasa ba me zan yi? Kuka?

Ga gaskiya, ki kai mashi. Na bi abin da Manu ya ce ɗaya bayan ɗaya. Lamba huɗu ce. Na kwance haukan da na yi, na kai wayoyin ɓangare ɗaya, na naɗe da salatif, na tsaida murya a rabi. Gunagunin ya gyaru, ya zama bugu mai tsabta, dum, dum, amma ba ya zuwa ko'ina. Na jingina akwatin da bayan kujera, na ɗaure da roba. In ka zauna a baya, a gadon bayanka kake jin shi, waƙar kuma tana fitowa a hankali daga sifikar ƙofa. In aka rufe gilashi, shi ke nan, ya zama sirri.

Na gwada. Na faka gaban teburin Ma'u mai ƙosai, na rufe gilashi, na kunna. Ta gama tuya kasko guda ba ta ɗago ba. Da na buɗe ƙofa ta ce, "Au, kana ciki? Na ɗauka mota ce ba kowa." Wannan ita ce wufar da za ta tsinke igiyar shanun Zakka.

Da kunya nake rubuta wannan. Na so in girgiza Safana, ga shi ko mai ƙosai ban girgiza ba. Amma abin da Khairiyya ta roƙa waƙa ce a hanya, ba ta ce sai duniya ta ji ba. Ki roƙar mani Baba. In ya ce a'a, na haƙura, zan zo in ɗauki gara da 'yan rakiya, bakina a rufe.

Ƙaninki,
Shafi'u

Safana, ranar Alhamis

Shafi'u,

Wa alaikumus salam. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, ta gawayin da ta bayanta. Muna lafiya. Ungozoma ta ce in daina doguwar tafiya, Manu kuma ya rantse ba zan hau hanyar Batsari da wannan cikin ba. Ke nan ƙanwata da na goya za a kai ta ban ga ɗakinta ba. Gwaggo Dije ce za ta riƙe hannunta.

Na kai wa Baba maganarka da kaina, na karanta mashi har wajen mai ƙosai. Ya saurara, ya ce, "Wanda ya zo ya ce mani akuyata ta haifi huɗu, na bar cin kasuwa na taho da gudu na tarar da bunsuru ne ya ɗaure mani a turke, shi ne yau zan ɗauki maganarsa a kan ran ɗiyata?" Ka ga abin da ka shuka.

Manu ya sa baki. Ya ce Baba, in dai yadda na faɗa ya haɗa, ko ya so ya yi ƙara ba zai iya ba, abin ba shi da ƙarfin. Baba ya ce shi bai san waya ba, kunnensa ya sani.

Ga inda aka tsaya. Ranar Asabar ka zo da wuri. Barau ma zai zo. Za ka faka a ƙofar zaure ka kunna, Baba yana zaune a inda ya saba zama. In ya ji ko ƙis, Barau ne zai ɗauki amarya, ba kuma sauran magana. Za a tashi kafin azahar don a isa da rana.

Na gaya wa Khairiyya. Ta ce a bar wahalar da kai, ita ta saba da shirun. Amma da na fita na dawo na tarar ta ciro memori daga wayarta ta ƙulle a bakin gyale. Ta ce in ka zo a ba ka, waƙa ta uku.

Don Allah, Shafi'u, ranar nan kaɗai, ka bar bakinka a Batsari.

Talatu

Batsari, ranar Litinin

Malama Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya gajiyar biki? Yaya kewa? Allah ya sauke ki lafiya. Barau ya gaya maku mun isa, amma na san Barau, iyakarsa "an sauka lafiya". Kina cikin gida wajen mata lokacin da aka yi abin, bari in ba ki.

Na faka a ƙofar zaure. Baba yana kan buzunsa, carbi a hannu, Barau ya jingina da motarsa yana murmushin mugunta. Na sa memorin, na rufe gilashi, na kunna, na kai rabi. Ina kallon Baba ta madubi. Ya karkata kai. Ya cire hula ya sake karkatawa. Can sai ya ɗaga hannu ya daka mani tsawa, har ta gilashi na ji: "Kai, ka kunna mana, rana na yi!"

Wallahi Talatu, maganganu sun zo mani har wuya. Na haɗiye su duka, kin ce in bar bakina a gida. Na fito kawai na buɗe mashi ƙofar baya. Ya leƙa, ya shiga, ya zauna, na rufe.  Na ga ya gyara zama ya ƙara manna bayansa da kujera. Ya ce, "Wannan kiɗa ne ko tausa?" Na ce duka biyun, Baba. Ya daɗe bai fito ba. Da ya sauko bai dube ni ba, ya ce, "Gilashi a rufe har Batsari. Na ba ka amana, kai da Allah."

Haka muka taho, Barau a gaba da kaya, mu a baya. Amarya a tsakiya, Gwaggo Dije a dama, ƙawar amarya a hagu. Rana tsaka, gilashi a rufe, motar ba ta da sanyi, gumi har cikin kunne. Gwaggo tana fifita da bakin zane tana cewa an sa su a tukunyar dambu. Ba wanda ya ce a buɗe.

Kin san yadda hanyar take yanzu. Gonaki ga amfani ba mutum. Mun wuce ƙauyen da na saba sayen gyaɗa, ko kaza ban gani ba. A wajen shingen jami'ai na rage, suka leƙo suka ga lulluɓi, suka ce Allah ya ba da zaman lafiya, mu wuce. Ba su san ana biki a cikin motar ba.

Khairiyya tun daga gida kuka take, irin na amare da wanda ya fi na amare. Da waƙa ta uku ta shigo sai kukan ya ragu. Na duba madubi. Fuskarta a rufe, amma kafaɗarta tana tafiya da bugun, kaɗan kaɗan. Ƙawar ta kama tafi da yatsa biyu. Gwaggo ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, ta tuna, sai ta yi ta a cikin tafin hannunta. Na maimaita waƙar, na sake maimaitawa.

Muna hango bishiyoyin Batsari na taɓa rediyon, ta yi zafin da ba a riƙe hannu. Na tuna maganar Manu, na kai hannu zan kashe. Sai na ji daga cikin lulluɓi, "Yaya Shafi'u, don Allah bar ta." Tun da muka taso ba ta yi magana ba sai nan.

Na bar ta. Ki ba Manu haƙuri, ya faɗa mani, na ji, na kuma bar ta. Mun shiga gari tana bugu, mun sha kwanar gidan ango tana bugu, wari ya fara tashi. Ina taka birki a ƙofar gida ta yi tsit, ɗan hayaƙi ya fito ta wajen memori. Gwaggo ta buɗe ƙofa ta saki guɗar da ta riƙe tun daga Safana, mata suka fito suka amsa.

Oga Jinjiri ya ga rediyon jiya. Ya ce wa ya ƙona? Na ce amarya. Ya dube ni ya dube ta, ya ce to in ci gaba da jan motar haka, shi ba zai sayi wata ba. Yau na je Katsina na dawo, ba abin da ke magana a motar sai fasinja da tsadar masara.

Da yamma na biya na gaishe ta. Ɗakin ya yi kyau, kwanukan sun zauna, an ba ta wajen da ke kallon gabas. Na ce me zan gaya wa Yaya Talatu? Ta ce in gaya maki an kai ta da kiɗa.

Ki gaida Baba, ki gaida Manu.

Ubangidanki har gobe,
Shafi'u